Takardar Haihuwar Ikilima

Kilomita Biyar, Bangui
3 ga Fabrairu, 2019

Zuwa ga Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Garoua-Boulaï, ya jikin Gwaggo? Baba da Inna suna lafiya, sai ciwon ƙafar Inna da bai sake ta ba. Na rubuta da Hausa ne saboda Kawu Zayyad zai kawo miki a motarsa. Kin san Faransanci kaɗai yake karantawa, kuma ba ya iya barin ambulan a rufe.

Yaya, ina cikin damuwa, kuma malamarki ce sanadi, Madam Rahamatu ta wasanni, wadda ba kya gajiya da yabonta.

Ranar Laraba bayan darasi ta tsayar da ni a bayan raga, ta kira ni Khadija. Tun da gidanmu na unguwar Yakité ya ƙone, takardar haihuwarki kaɗai ta tsira a jakar makarantarki, Baba ya sa ni lise, wato sakandare, da ita kamar yadda gidaje da yawa suka yi, babu wanda ya taɓa kirana da sunana a makarantar nan. Ita ma shekara huɗu tana ce mini Ikilima, alhali da hannunta ta koya miki tsaron gida. Ban san abin da ya tashe ta yanzu ba.

Wai tana so in tsare mata gida a gasar ƙwallon hannu ta 'yan mata, wai ina da dogon hannu irin naki. Gasar ta 'yan ƙasa da shekara sha bakwai ce. Ni sha shida nake, amma takardarki ta ce sha tara. Don haka sai in je kotu da shaidu biyu a yi mini tawa takardar.

Saura wata biyar in rubuta jarrabawar BEPC, kuma da sunanki aka yi mini rajista. Idan darakta ya ji, korata zai yi. Na so in faɗa mata haka, sai na ɓuge da kallon takalmana. Matar nan ba ta ganin komai sai ƙwallonta. Na tsane ta, Allah ya yafe mini. Ki ba ni shawara.

Ki gaida Gwaggo.

Ƙanwarki,
Khadija

Kilomita Biyar, Bangui
14 ga Afrilu, 2019

Yaya Ikilima,

Assalamu alaikum. Ina fatan ke da Gwaggo kuna lafiya, mu ma alhamdu lillahi. Amsarki ta iso. Layi uku ce, duk ta haƙuri, ba shawara ko ɗaya.

Abin da nake tsoro ya faru. Ta je shagon Baba a titin Koudoukou da wandon wasanninta da mayafi a sama, tana jan gurguwar ƙafar nan tata. Ta zauna a kan buhun sukari ta ce ba inda za ta sai ta ji amsarsa. Maƙwabtan shago suka yi ta tsokana, suna ce wa Baba ga soja ta zo kama shi. Ita kuwa ta ce musu wanda ya fi ƙarfin hali ya zo su zaga kasuwa sau ɗaya a guje, in bai faɗi ba, za ta ba shi usur ɗinta. Aka yi dariya. Har aka kira la'asar tana zaune. Baba ya amince.

Inna ta ce haka take tun kafin a haife mu. Da gwiwarta ta lalace ta daina buga wa ƙungiya, sai ta shiga bin shaguna ɗaya bayan ɗaya tana roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su yi wasa. Ita ta ɗinka dogayen wanduna da ƙananan hijabai don kada wani uba ya samu hujja. Da aka sare sandunan raga aka yi girki da su lokacin rikici, ita ta haɗa wasu da bututun ruwa. Har yau ita ke raka 'yan unguwarmu da ƙafa zuwa filin wasa a unguwar Miskine, ta dawo da su ɗaya-ɗaya har ƙofar gida. Inna na ba ni labarin kamar abin alfahari. Ni taurin kai kawai na gani.

Kotu ta ba ni takardata. Washegari Madam ta kai wa darakta da kanta. Ya ce ɗaliba ɗaya ba ta da haihuwa biyu, ya ja jan biro a kan sunana a jerin masu BEPC. An liƙa jerin a allo, kowa ya gani. Yanzu 'yan aji suna tambayata da wane suna na tashi yau.

Yaya, na yi abin da ban taɓa yi ba. A fili, gaban 'yan wasa duka, na ce mata da harshen Sango, don kowa ya ji, gurguwa marar 'ya'ya ba za ta san zafin lalata karatun 'yar wani ba. Ni da ba na iya ɗaga hannu a aji. Ta busa usur, ta ce a ci gaba da wasa. Ban yi nadama ba. Na daina gaishe ta.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Khadija

Kilomita Biyar, Bangui
9 ga Yuni, 2019

Ikilima,

Assalamu alaikum. Barka da sallah. Ina fatan Gwaggo tana lafiya, a gaishe ta da kyau.

Jiya Kawu Zayyad ya zo cin abinci. Yana cikin cin gozo, tuwon rogo, ya tambaye ni ko takardar tana hannu ya tafi miki da ita, don makarantar koyon jinya za ta rufe karɓar takardu. Na ce wace takarda. Ya ce wadda kika rubuta wa Madam a kanta tun watan Janairu, ai shi ya kai wasiƙar, kuma ya karanta.

Ashe ke ce. Kina buƙatar takardarki, kika ji tsoron Baba, kika ji nauyina, sai kika tura malamarki. Har kika roƙe ta kada ta ambaci sunanki.

Takardarki ce, ban ce kada ki nema ba. Da kin faɗa mini da na yi kuka kwana biyu na haƙura. Amma wasiƙu biyu na rubuta miki ina zagin matar nan, kika karanta, kika amsa mini da haƙuri. Kika bar ta ta ɗauki abin da ke ya kamata ki ɗauka.

Bari ki ji abin da shirunki ya jawo. Duk azumin nan, kullum da safe tana tafiya ofishin jarrabawa da ƙafar nan, ta zauna a benci har a tashi, kamar yadda ta yi wa Baba. Suka ce ba za su gyara suna ba sai an san wanda ya ɓoye maganar, don dole wani ya amsa laifi. Ta rubuta ta sa hannu cewa ta sani tun ranar farko, kuma ita ta ba Baba shawarar. Wannan na biyun ƙarya ce, kin sani. An mayar da ni jerin masu BEPC da sunana. Ita kuma an dakatar da ita, saura shekara ɗaya ta yi ritaya bayan shekara talatin da ɗaya. An hana ta shiga filin da ta kafa wa raga.

Yau da safe na je gidanta a Miskine. Na shirya magana mai tsawo a hanya, da na gan ta sai duk maganar ta gudu. Na durƙusa ina kallon ƙasa. Ba ta tayar da zancen abin da na ce mata ba. Ta ce in miƙe, wai mai tsaron gida ba ta durƙusawa sai ƙwallo ta zo ta ƙasa. Ta ɗauko lemo daga faranti ta jefo mini ba sanarwa. Na cafe. Ta ce hannun hagu har yanzu malalaci ne. Na tambaye ta ko gasar ma hujja ce kawai ta samu. Ta ce a'a, gola take nema tsakani da Allah, kuma ba ta taɓa sa yarinya a fili da shekarun da ba nata ba.

Ranar Asabar za mu buga wasan farko. Za ta tsaya a bayan wayar shingen fili tare da masu sayar da gyaɗa, ta ce daga nan ma muryarta na kaiwa. Na roƙi Baba ya zo, bai ce a'a ba.

Ga takardarki a cikin ambulan. Na riƙe miki ita shekara huɗu, ko kusurwa ba ta yage ba. Kada ki rubuto mini tukuna, ba zan buɗe ba. Ki rubuta mata. Kawu ya san gidan.

Khadija Mahaman Audi