Shatin Yatsan Safara'u

Assalamu alaikum Anti Zubaida. Don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa maganar nan bai ce na zare ba.

Ni mai ɗaukar hoto ne a Tudun Wada. Akwai wani siririn gilashi da muke ɗaurawa a gaban idon kyamara don ya tare ƙura da ƙarzuwa, filta muke ce masa. Bara bayan ƙaramar salla na kai matata Safara'u bakin tafkin Bagauda. Ta ci soyayyen kifi, hannu duk maiƙo, wai ita ma sai ta ɗauke ni. Sai ta dangwala babban yatsanta a kan filtar. Wallahi Anti faɗa na yi mata, har na ce idon kyamarar nan ya fi sadakinta tsada. Ta yi dariya, ta ce to in je in aure shi. Don haushi na jefa kyamarar a jaka ban goge ba. Bayan kwana tara zazzaɓi ya kwantar da ita. Ba ta tashi ba.

Wata biyar ban buɗe jakar ba. Ran da na buɗe, ga shatin yatsanta nan raɗau. Na zauna na yi kuka kamar yaro. Kayanta an raba gado, ko ɗankwali ban riƙe ba. Wannan kaɗai ya rage mini.

To amma yana ɓata mini aiki. Sunan da na ɗauka a Doguwa, fuskar mai jego ta fito kamar an tura mata hayaƙi, na sha kunya. Abokina Tasi'u ya ce in cire filtar in huta, wai ita ke rage kaifin hoto. Shi bai san abin da ke kanta ba. Ga shi saura sati biyu bikin Bushira ƙanwar Safara'u a Bebeji, surukata ta ce ba mai ɗauka sai ni. Gogewa dai ba zan iya ba. In na cire kuma, ji nake kamar na fitar da ita daga gidana. Ina kewarta, Anti. Ya zan yi?

Naki, Mai Hoto, Tudun Wada.

Wa'alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Safara'u, ya haskaka makwancinta. Ba zarewa ka yi ba, kewa ce, kuma ba abin kunya ba ce.

Na tambayi masu sana'arka. Tasi'u yana da gaskiyarsa, filta mai araha ko mai datti takan dusashe hoto, musamman in ana fuskantar rana. Amma kai da ke bin hanyar Falgore a kan babur, kana shiga taron da ake feshin turare yara na kai hannu, barin idon kyamara tsirara ganganci ne. Ka shiga Kano ka sayi sabuwa mai kyau, ka gwada ta kafin biki.

Tsohuwar kuwa kada ka goge. Ka kwance ta a hankali, ka riƙe ta gefe-gefe, ka sa a ɗan gwangwani ka adana. A jaka tana gogar ƙyalle kullum, wata rana za ka duba ka ga wayam. Ka ma gode wa Allah, da babu filta ran nan, a kan idon kyamarar yatsan zai sauka, da tuni dole ta sa ka share shi.

Na kuma lura faɗan nan ne yake cin ka. To ai kai ka ce dariya ta yi, har ta tsokane ka. Wadda ta yi haka ba ta tafi da kai a rai ba. Ka yi mata addu'a da sadaka, su ne za su isa gare ta.

Sannan ka tuna da surukarka. Ta rasa 'ya ɗaya, kada ka miƙa mata hoton ɗayar cikin hayaƙi. Allah ya ba ka haƙuri, ya sa a yi biki lafiya.