Ƙorafi a Kan Rijiyar Gidan Si Munsif

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Lafiya na Gunduma, Tsibirin Jarba
Daga: Mabruka bint Sasi, mai aikin gida
Litinin, 19 ga Agusta, 2024

Game da: ruwan da ake sha a gidan haya na Si Munsif

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa. A unguwarmu ana cewa Si Munsif ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya, amma wanda ya saɓa masa ba ya sake samun aiki. Shekara tara ina riƙe da makullan gidansa na baƙin hutu. Da girmana na koyi rubutu, a yi haƙuri da hannuna.

1. A tsakar gidan akwai rijiyar tara ruwan sama. Tun zamanin kakanni, gida uku na maƙwabta ke ɗibar ruwan sha a cikinta. Murfinta ya fashe a watan Afrilu. Na rataya takardar gargaɗi, Si Munsif ya cire, wai tana ɓata hoton talla.

2. Ranar Alhamis, 15 ga wata, wasu baƙi 'yan birni suka tashi. Mutanen kirki ne: sun cire zannuwan gado, sun wanke kwanuka, sun goge ɗakuna da maganin wanki mai ƙarfi. Wata mata a cikinsu ta nuna mini bakin rijiyar tana murmushi, ta ce bokiti huɗu na ruwan wankin ta juye a magudanar da ke kai ruwa cikinta, ba ta bar mini aiki ba.

3. Na sanar da Si Munsif nan take. Ya ce ruwa ai shi ke wanke kansa, kuma in tuna wanda ke ciyar da ni. Ban faɗa wa maƙwabta ba.

4. Tun Asabar maƙwabciyarmu Inna Tibra, mai shekara tamanin, take amai. Tattabarun da ke sha a kwarmin bakin rijiyar sun daina sauka. Ranar Alhamis mai zuwa wasu baƙin za su iso.

Ina roƙo cikin ladabi a rufe rijiyar, a gwada ruwan, a duba Inna Tibra kafin ranar. Na san makullan za su bar hannuna.

Yau da safe na je na ƙwace butar shayi daga hannun Inna Tibra, don da ruwan rijiyar ta dafa shi. Ta ce, “Mabruka, haukar taki ce ta motsa?” Na durƙusa na ce, “Inna, kwana huɗu na sani ban faɗa ba. Ki yafe mini.”

Mai biyayya gare ka,
Mabruka bint Sasi