Tofidon da Ya Ƙi Fashewa

Assalamu alaikum, Auta.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Mu nan sai godiya. Gwiwar mahaifiyarka ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene don ta yi mini faɗa daga kusa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wasan nan na jirgin yaƙi mai nutso da ka saka a kwamfutar falo kafin ka tafi. Ni ka ce ka bar wa, don in rage zaman banza. To, kawunka ya gaje shi da raina. Kullum da yamma sai ya shigo, ya janye kujerata, ya kashe duk taimakon da na'urar ke bayarwa, wai haka maza ke yi. Ba alama a taswira, ba mai gaya maka komai. Sai ya leƙa madubin hangen saman ruwa, ya auna tsawon sandar jirgin abokan gaba ya fid da nisansa, ya danna agogo ya gane gudunsa, ya karkata kai ya ga inda hancinsa ya dosa, sannan ya saki tofido, bam ɗin nan mai gudu cikin ruwa. In ya samu, sai ya miƙe yana taku kamar shi ya haƙa tekun. Mutumin da ko kwale-kwale bai taɓa shiga ba!

Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk ranar hutu shi kake kira. Ina zaune ina jin muryar ɗana tana fitowa daga wayar wani, kuna ta dariya kan gudu da nisa, sai a ƙarshe ka ce a gaishe ni, kamar maƙwabci.

Don haka na shiga gwadawa idan ya fita. Nawa bama-baman kullum ta bayan jirgi suke wucewa. Sai na ce tunda lissafi ya ƙi, bari in matsa kusa. Na lallaɓa har ina ganin tsatsar jikin jirgin, na saki. Ya same shi a tsakiya, ƙwal, amma shiru. Ashe sai tofido ya yi 'yar tafiya kafin ya ɗana kansa. Ana haka kawunka ya shigo, ya yi dariya har da riƙe ƙofa, ya ce na yi wa jirgi sallama ne kawai, kuma lallai sai ya ba ka labari.

To, ga shi na riga shi. Ranar hutu mai zuwa wayata za ka kira, ka koya mini fid da nisa da bakinka, ko da za mu wuni. Shi ma ya ce zai koya mini. Na ce masa ya bari, ina da ɗa.

Mahaifiyarka da yayarka suna gaishe ka. Ka gaida mini surukata da amaryata 'yar ƙarama. Kawunka ma ya ce a gaishe ka, na dai isar. Allah Ya yi maka albarka.

Ni ne,
Mahaifinka.