Layin Wayata da Sunan Ƙanin Mijina Aka Yi Rajistarsa

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Wata bakwai ke nan da rasuwar mijina a nan Kafanchan. Na gaya wa mahaifiyarsa da mutanen coci cewa taifot ne. Ƙarya na yi. Kanjamau ne, kuma shi ya riƙe hannuna a asibiti ya ce, "Maman Rahila, kada Mama ta ji." Na yi masa alkawari.

Tun bayan jana'iza ban tambayi kowa komai ba sai waya. Ina neman alamomin ciwon, da yadda ake gwada yaro, don 'yarmu Rahila shekararta huɗu kuma tana yawan zazzaɓi. In na gama sai in goge abin da na bincika, ina tsammanin shi ke nan. Amma layin nan ƙanin mijina Danladi ne ya yi masa rajista da sunansa, kuma a shagon kamfanin layin yake aiki. Ran nan muna cin abinci a gidan Mama a Godogodo yana ba'a ya ce, "Ku yi ta gogewa, mu a kamfani muna ganin inda kowa ya shiga." Kowa ya yi dariya, ban da ni. Lahadin da ta wuce kuma a ƙofar coci ya ce, "Matarmu, kin rame. In akwai magana, ki faɗa mini." Tausayi ne? Ko ya gani?

Wata a zumuntar matan cocinmu ta ce akwai abin da ake sa wa waya, wai VPN, yana rufe wa kamfani ido. Ban iya sawa ba, kuma duk wanda na roƙa zai tambaye ni me nake ɓoyewa. Sabon layi kuwa, wajen su Danladi ake rajistarsa. Sati uku ban buɗe data ba. Ban gwada kaina ba, ban kai Rahila ba, kuma kunyar wannan ta fi ta ƙaryar.

Masu sani, da gaske kamfani yana ganin abin da na karanta, har ma'aikacin shago ya gani? In na kai yarinyar asibiti, a garin nan magana za ta isa Godogodo kafin in dawo gida. In na zauna, zazzaɓin yana nan. Me zan yi?