Shekara Uku Ina Auna Ruwa Babu Mai Dubawa

Zuwa ga: Babban Manaja, Tashar Lantarki ta Madatsar Ruwa
Daga: Mai duba ma'aunin ruwa, Sashen Tafki
Kwanan wata: 9 ga Oktoba, 2023
Game da: Aikin da aka daina buƙata ba a sanar da mai yin sa ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin kawo kukana kamar haka:

1. Shekara ashirin da biyu ke nan kowace safiya ina sauka matakala ɗari da tamanin da huɗu, in duba inda ruwa ya kai a jikin sandar awo, in rubuta, in hauro in kai ofishin injiniyoyi. Ko ranar da aka haifi autata ban yi fashi ba.

2. Na sha gaya wa iyalina cewa sai an ga awona ake sakar wa injuna ruwa. Maƙwabta suna kirana Injiniya, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. In an ɗauke wuta ƙofata ake bugawa, in fito in yi gyaran murya in hau bayani.

3. Ranar 2 ga wannan wata alƙalamina ya faɗi a ofis. Na sunkuya ɗauka, sai ga rahotona na watan Yuli an ninke shi huɗu an tokare ƙafar tebur. Da na tambaya, sabon injiniya ya shaida mini cikin ladabi cewa tun watan Satumban 2020 aka kafa na'ura mai aika awon kai tsaye zuwa kwamfuta. Ashe ita ce akwatin nan mai ruwan toka da nake ɗora hulata a kai in na sauka.

4. Ba na ƙarar na'ura. Na gwada awonta da nawa, ta fi ni daidai, kuma ba ta ciwon gwiwa. Abin da ya ci mini rai shi ne masinja ya sani, mai shara ya sani, amma kullum hannu biyu ake sawa a karɓi takardata, har da sannu da ƙoƙari.

Saboda haka ina roƙon a sanar da ni matsayina a rubuce, a kuma mayar da ni inda ake buƙatar hannu, ko da kwashe ciyawa ne daga ragar mashigar ruwa. Saura wata goma sha huɗu in yi ritaya. Ina so in ƙarasa su a kan aikin da in ban zo ba wani zai tambaya ina nake.

Allah ya ƙara wa Manaja lafiya da basira.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai duba ma'aunin ruwa