Zaren Gilashi a Ɗakin Inna

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Yayana, Hamma Haladu, ya tafi gona a Kusada da makullin ɗakinsa. Akwatin intanet na kamfani yana ciki, a kashe. Wai kada ya gaji. Shekara huɗu ina karatun kwamfuta a jami'a, ga ni tsaye ina kallon ƙofa.

Ranar 17 za a yi mini intabiyu ta bidiyo. Aiki a Abuja. Hanyata ta barin Kankia ke nan.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na sayo tawa na'urar a Katsina. Hamma ya aiko da makullin, ya yarda a cire akwatin, muddin ba a ce shi ya kasa ba. Sodangi, ma'aikacin kamfanin, ya ce wannan ba aikin mata ba ne. Na karanto masa lambar na'urar da zai yi wa rajista, ya rubuta. Muka janyo wayar intanet ɗin zuwa ɗakin Inna, inda batirin sola yake. Siririya, rawaya. Da hannuna na jona. Fitila ta kawo kore.

Ragowar wayar na bar ta zube a ƙasa.

Lahadi, 13 ga Yuli

Fitila ta koma ja.

Inna ta ga waya a zube, ta naɗe ta tamau a jikin mazarinta, kamar zaren da take kaɗawa. Gilashi ne a ciki, ya karye. Na ɗaga mata murya. Ni.

"Na ga za ki taka ta ne, Rauda," ta ce, ta fita.

Laraba, 16 ga Yuli

Sodangi ya yanke wurin, ya haɗa. Ya nuna wa Inna silin gilashin. Ta daɗe tana dubawa, ta ce wanda ya kaɗa wannan yana da hannu.

Tun Lahadi ba ta taɓa komai nawa ba, ko kofin shayi. Wannan ya fi jar fitilar damun raina.

Alhamis, 17 ga Yuli

Minti arba'in Inna tana zaune a bakin ƙofa tana korar kaji, kada a ji su a Abuja.

Sun ɗauke ni. Na tambaya ko aikin zai yiwu daga gida. Suka ce a gwada wata uku.

Layin yana da ƙarfi, asara ce a bar shi. Dalilin ke nan.

Guntun wayar yana nan a jikin mazarin. Ban warware ba.