Lambar Ishaku Tana Jikin Motata

Salama a gare ku, Admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, don duk zagin da za ku yi na riga na yi wa kaina har da ƙari. Ni magidanci ne ɗan Kudancin Kaduna, ina aiki a Kuala Lumpur, muna zaune a unguwar Setapak da iyalina. Sunayen da zan kira ba na gaskiya ba ne, lambar da ake magana a kanta ma ba zan rubuta ta ba, don mu nan ba mu da yawa, yanzu sai a gane ni.

Ina da aboki tun muna sakandare, shi ma ya zo ƙasar nan da matarsa, zan kira shi Ishaku. Mutum ne mai son waƙa, ga shi babu murya, amma bakinsa ba ya hutawa. Akwai wata waƙa a littafin waƙoƙin coci da aka rera ranar aurensu da matarsa Rahila, ita yake yi ko wanka yake ko tuƙi, har mun gaji. Wanda ya tashi a coci ya san mu da lamba muke kiran waƙa. To wata rana muna shan shayi a mamak, wato shagon mai shayi na nan ƙasar, sai ya ce mini zai saya wa Rahila mota in ta gama digirinta na uku, kuma lambar waƙar nan yake so ta zama lambar motar. A ƙasar nan gwanjon lambobi ake yi, gajeriyar lamba kuwa abin ado ce, har juyowa ake a kalli mai ita. Na yi masa dariya sosai, na ce kai da ko taya ba ka saya ba, ka fara da lamba?

Da gaske yake. Ya ja ni wurin wani dillali mai ɗan kedai, wato shago, a Setapak, ana ce masa Abang Din. Dillalin ya ci gwanjon, sannan ya ce ba a barin lamba haka kawai, dole a liƙa ta a jikin abin hawa ko ta suɓuce. Dabararsu ita ce a sayi ɗan babur mai arha a yi masa rajista da ita, a ajiye shi har sai mota ta zo a mayar da lambar kanta. A lokacin fasfon Ishaku yana wurin sabunta izinin zama, kuma ba ya so Rahila ta ji ko ƙanshin maganar, shi ya sa aka sa sunana. Shi ya biya komai, ni hannu kawai na sa. Da muka fito ya dafa kafaɗata ya ce, "Amana ce na ba ka. Ko matarka kada ta ji." Na ce haba, kamar yau ka san ni?

Bai kai ga sayen motar ba. Zazzaɓin dengi ya kama shi, muna ta cewa gajiya ce, kafin a kai shi asibiti jikin ya yi nisa. Ni na raka gawarsa gida. A bakin kabari waƙar nan aka rera, ina tsaye kusa da Rahila ina so in faɗa mata maganar babur ɗin, na ce yau ba ranar wannan zance ba ce. Da ta dawo ƙarasa karatunta na ce bari ta ɗan samu kanta tukuna. Haka na yi ta cewa gobe, gobe, har maganar ta yi mini nauyin da ban san ta inda zan fara ba.

Ana nan na sayi sabuwar mota. Na je wurin Abang Din a kan rajistarta, sai ya nuna mini babur ɗin a lulluɓe a bayan kedai, ya tambaye ni ina abokina mai waƙa. Jama'a, a nan na yi abin da ya hana ni sakat. Na ce masa Ishaku ya koma gida, ya bar mini lambar. Ban ce ya mutu ba. Dillalin ya ce, "Ai da sunanka take, boleh lah," wato babu matsala, aka mayar da ita jikin motata. Na ce wa kaina don tunawa da Ishaku nake yi. Ƙarya ce. Lambar ce ta ba ni sha'awa, ina so in faka a coci a juyo a kalle ni, ni ma a san na zama wani. Mutum ya ci amanar mamaci saboda kallo? Ni dai na ci.

Na ɗauka Rahila ba za ta lura ba, wa yake karanta lambar motar wani? Lahadin farko da na je da ita coci, ana tashi na hango ta tsaye a bayan motar, ta dafa lambar da tafin hannunta tana hawaye. Na ce shi ke nan ta gano. Sai ta juyo tana murmushi ta ce mini, "Baban Godiya, ka san lambar mece ce wannan?" Na ce a'a. Ta tambaya ko ni na zaɓa, na ce haka aka ba ni a ofis. Ta ce da safiyar nan ta roƙi Ubangiji ya nuna mata alama cewa Ishaku yana cikin hutu, don ta gaji, har ta fara haɗa kaya ta bar karatun. Ga alamar ta zo a jikin motar amininsa. Sati na zagayowa ta tashi ta ba da shaida a gaban ikilisiya, aka yi ta tafi, mutane suna juyowa suna kallona. Kallon da na nema ke nan, na same shi. Ni ma na tafa, Allah ya gafarta mini.

Tun daga ranar motar nan ta zame mini wani abu dabam. In na tsaya a danja sai in ji kamar ana rera waƙar a kujerar baya, da muryar nan tasa marar daɗi, in kashe rediyo in tarar da ma a kashe take. Na daina duba madubi in ba dole ba. Ran nan a unguwar Taman Melati na ga wani a kan ɗan babur da riga irin tasa, na bi shi har na ɓata hanya. In an kira lambar waƙar a coci sai in fita kamar waya ake mini. Matata ta ce na rame, na ce aiki ne. Rahila kuwa duk Lahadi sai ta shafa lambar kafin ta wuce, kamar mai gaida wani.

Ga abin da ya sa na rubuto. Rahila ta gama karatun, ta samu aikin koyarwa, za ta sayi mota. Tana so a nema mata lamba irin tawa ko da haruffan gaba sun bambanta, kuma wani ɗan cocinmu ya riga ya haɗa ta da Abang Din. Ranar Asabar za ta je, ta ce ni zan kai ta tunda na san wurin. Mutumin nan bai manta Ishaku ba, da ya ji sunan mijinta zai tambaye ta ya yake a gida.

Ba motar nake ji ba, in har sai an haɗa da motar za a iya mayar mata da lambar, ta ɗauka yau ɗin nan. Amma in na faɗa mata gaskiya, na ba ta kyautar mijinta ta ƙarshe, na kuma ƙwace mata alamar da ta tsaya a kanta ta ƙarasa karatu, ta san cewa a kan ƙaryata ta tashi ta yi godiya a gaban jama'a. In na lallaɓa na roƙi dillalin ya rufa mini asiri, za ta je ta sayi makamanciyar abin da mijinta ya riga ya saya mata, ni kuma ina tsaye ina taya ta zaɓe. Jiya da ta kira ni a kan tafiyar, kafin ta ajiye waya ta ce, "Da Ishaku yana raye, na san da shi zai fara tunanin yi mini irin wannan." Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, haka ne.

Asabar jibi ce. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?